Yadda za ka gane kabar, furen da ke tsira a jikin ganuwa a ƙasashen Bahar Rum

Wanda karatu ko fatauci ko neman aiki ya kai shi Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Turkiyya ko tsibirin Saifurus, in ya kai watan Yuli a can, zai tarar ƙasa ta bushe ƙamas, ciyawa duk ta ƙone, amma ga wani tsiro kore shar yana reto daga tsagar dutse ko daga jikin tsohuwar ganuwa, wurin da ba ka ganin ƙasa ko cikin cokali. Sau da yawa wannan tsiron kabar ne. Masana tsirrai suna kiransa Capparis spinosa, sunan da Carl Linnaeus ya raɗa masa a 1753. Larabawa na cewa kabar ko kabbar, Turkawa kapari, Girkawa kappari, Italiyawa cappero. Ka riƙe waɗannan sunaye, don da su za ka tambayi mutanen gari. Ƙullin furensa, tun kafin ya buɗe, shi ake tsinka a adana cikin gishiri, a sayar a ƙananan kwalabe, a sa a miyar kifi da taliya da kwaɗon ganye.

Gane shi ba wuya, in an bi abin daki-daki. Masu kuskure kashi biyu ne. Akwai masu zuwa da tsakar rana, lokacin da furen ya riga ya yanƙwane, akwai kuma masu kafewa a kan ƙaya, alhali wani kabar ɗin ba shi da ita sam. Alama guda ba ta isa hujja. Sai ka haɗa lokaci da wuri da ganye da fure, in sun yi daidai da juna, sannan ka yanke hukunci.

Mataki na farko: zaɓi wata, zaɓi sa'a

Yanayin ƙasashen Bahar Rum a juye yake da na ƙasar Hausa. Ruwansu na sauka ne cikin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, sannan daga Yuni zuwa Agusta a shiga zafi da fari, da ƙyar a ga ɗigon ruwa. Saboda haka yawancin furannin daji a can suna gama sha'aninsu a Maris da Afrilu, kafin rana ta ƙone su. Kabar ya saɓa wa wannan tsari. Halinsa irin na gawo ne: lokacin ruwa ya zubar da ganye ya kwanta, lokacin da kowa ya bushe shi kuma ya tashi. A watan Janairu abin da za ka gani busassun rassa ne a kan wani gajeren kututture mai kauri. Wajen Afrilu yake fara toho, daga Mayu zuwa Agusta, wani wurin har Satumba, yana fure ba ƙaƙƙautawa.

Abin da ya ba shi wannan dama saiwarsa ce, wadda ke nutsawa mita da yawa cikin tsagar dutse ta kamo laimar da ruwan hunturu ya bari, ga kuma ganye mai kauri da ba ya saurin sakin ruwa. Ruwan sama kimanin milimita 350 a shekara ya ishe shi, kuma yana jure zafin da ya haura digiri 40.

Sa'ar fita ita ce abin da aka fi sakaci da shi. Furen kabar kwana ɗaya tak yake yi. Yana buɗewa da yamma wajen faɗuwar rana, ya kwana a buɗe yana ƙamshi, manyan malam-buɗe-littafi na dare su sha ruwan zumarsa, da sassafe ƙudan zuma su karɓa, kafin azahar ya langaɓe. Don haka ka fita ko dai gab da magariba, ko bayan sallar asuba zuwa hantsi. A ganina safiya ta fi, domin akwai hasken ɗaukar hoto, furen kuma ya gama buɗewa sarai.

Mataki na biyu: karanta wurin kafin ka taɓa tsiron

Tun daga nesa wurin zai gaya maka rabin amsa. Kabar na son rana tsagwaronta, ba ya zama a inuwar kurmi, ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa. Fadama, bakin rafi mai laka, ƙarƙashin manyan itatuwa, duk ka wuce su. Wuraren da za ka duba iri biyu ne, kuma kowanne da irin kabar ɗin da ya fi yawa a cikinsa.

Na farko shi ne dutse da gini: gaɓar dutsen farar ƙasa da ke fuskantar teku, tsagar fa, katangar duwatsu da manoma ke jerawa a gefen tudu, da tsofaffin ganuwoyi. A birnin Rum yana reto a ganuwar Aureliyan, wadda aka gina a ƙarni na uku. Yana nan a ganuwoyin Baleta, babban birnin Malta, da duwatsun Akrofolis a Atina, da bangayen tsohon birnin Ƙudus. Dalilin son da yake yi wa tsohon gini shi ne magina na da da farar ƙasa suke haɗa duwatsu, shi kuwa abin da yake nema ke nan. Yadda irin ke hawa can sama kuma aikin ƙadangaru ne da tsuntsaye. Sukan sha 'ya'yan da suka nuna, su je su yi kashi a cikin tsaga, irin ya samu mafaka da ɗan taki a lokaci guda. Masu kula da kayan tarihi ba sa murna da shi, don saiwar na buɗa tsagar a hankali, shi ya sa za ka ga an sare shi a wasu wuraren, badi kuma ya sake fitowa daga kututturen da ya maƙale a ciki.

Na biyu shi ne busasshen fili a cikin ƙasa, nesa da teku: gangaren tudu mai yumɓu ko tsakuwa, gefen hanya, bakin gonar zaitun, saurar da aka bari. Irin wannan ya yawaita a yankunan Fas da Safi a Maroko, da kudu maso gabashin Sifen wajen Almeriya da Mursiya, da tsakiyar Sisili, da sassa da dama na Turkiyya. A nan ba ya reto, shimfiɗuwa yake yi a ƙasa, rassa su bazu ta ko'ina daga tsakiya.

Galibi ana samunsa daga bakin teku zuwa tudun da ya kai wajen mita 1,000. Can ƙololuwar duwatsu inda ƙanƙara ke daɗewa, kada ka wahalar da kanka.

Mataki na uku: tsayuwarsa

Kabar ba itace ba ne mai gangar jiki guda, ba kuma ciyawa ba ce. Rassa ne da yawa ke fita daga kututture ɗaya, kowanne mita ɗaya zuwa biyu, wani ya fi haka, ba su cika yin 'yan rassa da yawa ba. Sabon reshe yakan yi ja-ja ko shuni-shuni wajen bakinsa. Ba ya naɗe wani tsiro, ba shi da zaren kama abu. In ka ga tsiro yana hawa bango daga ƙasa yana manne da shi, wani abu ne daban. Kabar daga cikin bangon yake fitowa ya zubo ƙasa.

Mataki na huɗu: ganye da ƙaya

Yanzu matso kusa. Kama reshe da hankali, daga baki, kada ka ja hannu baya da sauri.

Fara da jerin ganyen. Ɗaya-ɗaya suke fita, wannan a dama, na gaba a hagu sama da shi kaɗan. Ba sa fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna. Wannan kaɗai ya raba shi da tsirrai da dama da ake rikita shi da su. Kowane ganye guda ne, ba a rarrabe yake ba, kewayayye ko mai ɗan tsawo kaɗan, santimita 2 zuwa 5, gefensa sumul babu zarto. In ka murza shi za ka ji kauri da ɗan santsi. Jijiya ɗaya ce babba a tsakiya, ƙanana na fita daga gefenta. A bakin ganyen wani lokaci akwai ɗan tsini ƙarami, wani lokaci ɗan loko. Kada ramukan da ke jikin ganyen su ruɗe ka, tsutsotsi da ƙwari suna cinsa sosai.

Sai ka duba gindin ganyen, daidai inda ya haɗu da reshe. A kabar na fili za ka ga ƙayoyi biyu ƙanana, ruwan ɗorawa ko ruwan goro, duka biyun sun lanƙwasa baya. Su ne ke kama riga, kuma su ne suka sa masu tsinkar kabar ke kuka da aikin. A kabar na ganuwa da gaɓar teku kuwa, sau da yawa babu ƙayar, ko ka ga wasu siraran gashi biyu masu laushi da ke zubewa da wuri, ganyensa kuma ya fi kauri da sheƙi. Masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Wasu, irin su Silvio Fici na birnin Falermo a Italiya, suna ɗaukar su a matsayin tsiro ɗaya mai iri biyu, spinosa mai ƙaya da rupestris marar ƙaya. Wasu kuma sun raba su zuwa jinsuna masu zaman kansu, shi ya sa za ka ci karo da sunaye kamar Capparis orientalis da Capparis sicula da Capparis aegyptia. Mai koyo bai kamata ya sa kansa cikin wannan rigima ba. Ya isa ka rubuta cewa kabar ne, mai ƙaya ko marar ƙaya, a wuri kaza.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: tsinke ganye ɗaya ka dubi inda ya tsinke. Kabar ba ya fitar da farin ruwa. In ka ga farin ruwa ya ɓulɓulo irin na tumfafiya ko aguwa, saki, ka wanke hannu, kada ka kai shi ido.

Mataki na biyar: furen, wanda shi ne alƙali

Nan ya kamata ka ɓata lokaci. A reshe guda za ka ga duk matakan rayuwar furen a jere: can baki ƙananan ƙulli, baya kaɗan manyan ƙulli, sai buɗaɗɗen fure, sai wanda ya yanƙwane, sai ɗanyen ɗa wajen gindi. Dalili shi ne reshen na ci gaba da tsawo duk bazara, kowane sabon ganye kuma da ƙullinsa a hammata. Kowane fure shi kaɗai yake a kan doguwar sandarsa, ba a dunƙule cikin tari ba.

Ƙullin kore ne, ba kewayayye sosai ba, gefe ɗaya ya ɗan fi kumbura. In ya buɗe, faɗin furen yakan kai santimita 5 zuwa 7. Ƙirga sassansa daga waje zuwa ciki.

Daga baya akwai korayen marufai huɗu, waɗanda suka rufe furen tun yana ƙulli. Ɗaya daga cikinsu ya fi sauran zurfi. Sai fararen ganyen fure huɗu, wani lokaci da ɗan ja-ja, musamman in furen ya fara tsufa. Huɗu, ba biyar ba. Riƙe wannan lamba. In ka lura, biyu na sama sun manne da juna a gindi, wurin ya yi kauri ya yi kore, a nan ruwan zumar yake taruwa. Sai abin da ke jan ido tun daga nesa: zarurruka masu yawan gaske, sun haura hamsin, dogaye har sun fi fararen ganyen tsawo, farare a gindi, shuni wajen baki, kowanne da ɗan kai mai garin fure.

A tsakiyar waɗannan zarurruka akwai guda ɗaya da ya bambanta. Ya fi su kauri, yakan ɗan zarce su, kuma a bakinsa akwai ɗan koren ƙullutu. Wannan ƙullutun shi ne mahaifar furen, shi zai zama ɗa. A yawancin furanni mahaifar na zaune ne a gindi, a ɓoye. A kabar da danginsa an ɗaga ta sama a kan dogon tsinke. Wanda ya taɓa lura da furen gasaya ya san wannan tsari, domin ita ma haka take ɗaga nata, kuma da can masana a gida ɗaya suke lissafa su kafin a ware ta. In ka ga ganyen fure huɗu, zarurruka masu shuni, da wannan tsinke mai ƙullutu, a kan tsiro mai ganye ɗaya-ɗaya, magana ta ƙare.

Mataki na shida: 'ya'yan

In ka makara furen ya wuce, 'ya'yan za su fisshe ka. Ɗan kabar kore ne mai tsawo, santimita 2 zuwa 5, da siraran layuka a tsaye. Dubi sandar da ke riƙe da shi: za ka ga gaɓa a tsakiyarta, wani ɗan kumburi. Daga reshe zuwa gaɓar, sandar furen ce. Gaɓar ita ce inda fararen ganyen da zarurrukan suka zube. Daga gaɓar zuwa ɗan kuwa, tsinken nan ne da ya ɗaga mahaifa. Wannan sanda mai gaɓa alama ce mai ƙarfi ko da babu fure ko ɗaya. In ɗan ya nuna yakan tsage ya buɗe, a ga nama ja-ja ko fari-fari mai danƙo cike da ƙananan iri masu siffar ƙoda. Da wuya ka tarar da shi cikakke, tururuwa da zanzaro da ƙadangaru sun riga ka.

Masu kama da shi

Wanda ya fi rikita ɗan ƙasar Hausa a Arewacin Afirka shi ne sidir na daji, Ziziphus lotus, ɗan'uwan magarya da kurna. Shi ma ganyensa ɗaya-ɗaya, shi ma ƙaya biyu a gindin ganye, kuma suna haɗa fili da kabar. Bambancin a fili yake in ka san inda za ka duba. Ƙayoyinsa ɗaya miƙaƙƙiya ce ɗaya lanƙwasasshiya, ganyensa ƙanana ne masu manyan jijiyoyi uku daga gindi, rassansa na tafiya a karkace, furensa kuma ɗan mitsitsi ne ruwan ɗorawa.

Akwai Myrtus communis, wanda Larabawa ke kira as, a Maroko kuma raihan. Farin fure gare shi mai zarurruka da yawa, amma ƙarami ne, ganyen furen biyar, zarurrukan farare, ganyen tsiron biyu-biyu masu tsini, in ka murza su sai ƙamshi ya tashi. Akwai kuma dangin Cistus da suka cika tuddan yankin: ganyen fure biyar a yamutse, tsakiya ruwan ɗorawa, kuma yawanci sun gama fure kafin kabar ya kankama. Zygophyllum fabago ƙullinsa ya yi kama da na kabar ƙwarai, sai dai kowane ganyensa ya rabu gida biyu, zarurrukansa kuma ruwan lemo ne.

Mai haɗarin shi ne Euphorbia lathyris. 'Ya'yansa kore ne, girmansu ya yi kusa da na babban ƙullin kabar, kuma guba ne. A tsaye yake tsam, ganyensa dogaye sirara biyu-biyu da farin layi a tsakiya, ɗansa mai ɓangare uku, kuma ko'ina ka karya sai farin ruwa ya fito. Gwajin tsinke ganye da aka ambata a baya saboda shi ne.

Kada kuma wanda ya koyi kabar a can ya dawo gida ya ga haujeri, wato ƙabdodo, ya ce ai ɗaya ne. Gaskiya 'yan gida ɗaya ne, sunansa ma Capparis tomentosa, da ƙayoyinsa biyu masu lanƙwasa da furensa mai zarurruka. Amma an san shi da cutar da dabbobi, kuma ba a yi masa abin da ake yi wa kabar.

Mataki na bakwai: ajiye shaida

Hoto ɗaya na fure daga sama ba ya wadatarwa. Ɗauki tsiron gaba ɗaya tare da wurin da ya tsira, yadda za a ga ko bango ne ko fili. Ɗauki reshe a nuna jerin ganye, sannan gindin ganye kusa-kusa saboda ƙaya, sannan furen daga gefe don tsinken tsakiya ya fito, sannan ɗan da sandarsa. Sa yatsa ko tsabar kuɗi a gefe don a gane girma. Rubuta kwanan wata, sa'a, sunan wurin, da irin ƙasar.

Manhajojin waya irin su Pl@ntNet da iNaturalist suna taimakawa, kuma a kan buɗaɗɗen furen kabar ba su cika kuskure ba. A kan ganye kaɗai kuwa sukan yi ta kame-kame. Na fi son iNaturalist don mutane ne ke bi su duba abin da ka ɗora su gyara maka. Duk da haka, tsohuwar da ke tsinkar kabar a ƙauyen tun tana yarinya ta fi wayarka saninsa. In ka samu irinta, gaishe ta ka nuna mata reshen.

In kana son ɗanɗanawa

Sai bayan duk alamun sun haɗu. Ka guji na bakin babbar hanya saboda hayaƙin mota da maganin feshi, kada ka tsinka a wuraren tarihi da gandun da hukuma ta killace, kuma a wasu yankunan kabar na gefen gona yana da mai shi, don abin sayarwa ne. Tambaya ba ta ɓata komai.

Ana tsinkar ƙullin da sassafe, tun yana a rufe gam. Ƙananan sun fi daraja: a kasuwar Turai waɗanda ba su wuce milimita 7 ba su ne masu tsada, manyan da suka haura milimita 14 su ne na baya. Ɗanye ba ya ciwuwa, ɗaci gare shi. Yana ɗauke da wani sinadari mai suna glucocapparin, wanda shi ma yake cikin anza, 'yar'uwarsa ta Sahel da mutanen Nijar ke jiƙa 'ya'yanta kwanaki suna sauya ruwa kafin a ci. A kabar gishiri ne ke wannan aiki, shi ke fito da ɗan yajin da ake sonsa dominsa. A tsibirin Fanteleriya, tsakanin Sisili da Tunisiya, wanda kabar ɗinsa ya samu rajistar kariyar suna ta Tarayyar Turai a 1996, ana zuba gishirin teku kimanin kashi 40 cikin 100 na nauyin ƙullin, a riƙa juyawa kullum har kwana goma, a tsiyaye ruwan da ya fito, a sake zuba sabon gishiri ƙasa da na farko, a ba shi wasu kwana goman. Wasu wuraren a ruwan gishiri ko ruwan khal suke jiƙawa. A Saifurus har da ɗanyun rassan suke jiƙawa, da ganye da ƙayar duka, a Santorini ta Girka kuma ganyen ma ana ci. In ka ga fararen ɗigo-ɗigo sun fito a jikin wanda aka adana, ba ruɓa ba ce, wani sinadarin tsiron ne mai suna rutin ya daskare. Kafin a zuba a girki ana jiƙa na gishirin a ruwa kamar kwata na awa a ɗauraye, kuma a rage gishirin miyar.